Darasi: Mugun Kare Ko Sakacin Mai Kare?

Ƴan'uwa makiyaya, manoma da maharba na ƙasar Karakara da kewaye. 

Darasinmu na wannan karo a kan kare ne. Na san wani zai ce: "Likita, kai da aka ajiye don shanu da awaki, mi ya kai ka ga kare?" To a yi haƙuri a ji dalili.

1. ABIN DA YA KAWO MAGANAR

A wani gari da nake zagayawa wurin aikin allura, abu biyu suka faru cikin wata guda.

Na farko: wani ɗan kasuwa ya sayo ƙaton kare irin na Turawa don gadin rumbun hatsinsa. Kullum karen yana ɗaure da guntuwar sarƙa cikin rana, yara suna jifarsa in sun zo wucewa. Ran nan sarƙa ta tsinke, ya kama wata yarinya ƴar talla a cinya, ya yi mata mummunan rauni.

Na biyu: a wata ruga bayan gari, wani kare na gida, irin namu, ya shigo da dare ya ciji maraƙi a hanci. Aka kashe karen aka jefar a daji, aka manta. Bayan mako biyar maraƙin ya daina ci, yana ta kuka, miyau yana zuba. Mai shi ya zaci wani abu ne ya maƙale masa a wuya, ya sa hannu cikin bakinsa har gwiwar hannu yana lalube. Da aka kira ni na duba, na ce a ɗaure shi nesa, kada kowa ya ƙara taɓa shi. Kwana uku ya mutu.

Aka taru ƙofar mai gari. Wani dattijo ya ce: "Ranka ya daɗe, a hana kawo karnukan Turawa garin nan, shi ke nan. Namu na gida ba su yin haka." Wani saurayi ya ce a sa guba a kashe karnukan gari duka a huta. Ardo ya tashi ya ce: "In kun kashe mini karnuka, wa zai tsare mini tumaki daga dila da ɓarayi?" Mai gari ya juyo ya ce: "Likita, mi ka gani?"

Amsar da na ba su ita ce nake son in shimfiɗa a nan, don kowane gari zai iya samun kansa cikin irin wannan gardama.

2. ƘASASHEN DA SUKA GWADA HANA WANI IRIN KARE

Shawarar dattijon nan ba sabuwa ba ce. Ƙasashe da dama sun gwada ta, kuma muna iya duba abin da suka samu.

Ingila. A 1991, bayan karnuka sun yi wa mutane munanan raunuka, aka yi doka wadda ta hana iri huɗu. Mafi suna cikinsu shi ne Fitbul, karen da aka yi kiwonsa asali don faɗa. A 2018 wani kwamitin majalisar ƙasar ya duba dokar, ya tarar adadin mutanen da ake kwantarwa asibiti saboda cizon kare ƙaruwa ya yi. Masu son irin waɗannan karnuka kuwa suka koma ga wani sabon iri da ba ya cikin doka, wanda ake kira XL Bully. Shi ma ya kashe mutane, har daga 1 ga Fabrairu 2024 aka hana riƙe shi sai da takardar izini.

Holan. Sun hana Fitbul a 1993. A 2008 gwamnati ta ba da sanarwar janye dokar, don bincike ya nuna cizo bai ragu ba. Suka koma hukunta kowane kare bisa halinsa, da mai shi bisa sakacinsa.

Italiya. Sun yi jerin karnuka masu haɗari a 2003, suka soke shi a 2009, suka ɗora nauyin a kan mai kare.

Faransa. Dokar 6 ga Janairu 1999 ta raba karnuka masu haɗari kashi biyu. Kashi na farko ba a sayarwa, ba a shigo da su, kuma dole a hana su haihuwa. Kashi na biyu, wanda Rotwaila yake ciki, ana iya riƙewa da sharuɗɗa: igiya da takunkumi a kan hanya, allurar haukan kare, kuma yaro ba ya mallaka. Da suka ga wannan bai isa ba, a 2008 suka ƙara wata doka: mai karen sai ya yi kwana ɗaya na horo, likitan dabbobi ya auna halin karen, sannan magajin gari ya ba da izini.

Ku lura da abu ɗaya. Holan da Italiya da Faransa duka sun fara da irin kare, suka ƙare a kan mai kare.

Amma mu yi adalci ga masu cewa a hana. Suna da hujja. Kare mai kilo 50 in ya kama yaro, ɓarnar da zai yi ta fi ta karen gida mai kilo 15. Wasu iri kuma an daɗe ana zaɓensu don kamu da riƙo, ba su saki da sauƙi. Saboda haka girman kare da asalinsa abin dubawa ne. Wanda ya ajiye babban kare, nauyin da ke kansa ya fi.

3. MI YA SA HANA IRI KAƊAI BA ZAI ISHE MU BA?

Dalili na farko: karnukanmu ba su da takardar asali. In karen Turawa ya haɗu da karyar gida suka haihu, ƴaƴan wane iri ne? Ko a Turai, inda ake da takardu, an sha zuwa gaban alƙali a kan wannan tambaya.

Dalili na biyu: muna bakin iyaka. Gabas da mu jihar Kabi ce ta Najeriya. Kudu ga Gaya, ga Kamba, ga Malanbil a ƙetaren kogi. Makiyayi yana tafiya da karensa, maharbi haka, akwai kuma masu sayen karnuka suna kai su kasuwannin Najeriya. Kare bai san iyaka ba, ba ya kuma tsayawa wurin ƴan duwan.

Dalili na uku: cizon da nake gani a wurin aiki, kusan duka na karnukan gida ne. Yawancinsu kuma suna da masu su. Da rana suna yawo a mahauta da bakin kasuwa, da dare su koma gida. Sai ranar da kare ya yi cizo kowa ya ce: "Ba nawa ba ne."

Dalili na huɗu, shi ne babba: Ingila ta rabu da haukan kare tun 1922. Su haƙorin kare kawai suke tsoro. Mu kuwa muna tsoron haƙori, muna tsoron miyau. Ɗan kwikwiyo mai wata biyu, wanda yara ke wasa da shi, in yana ɗauke da cutar, ƴar ƙarzuwar da zai yi ta isa ta kashe babban mutum.

4. CIWON HAUKAN KARE

Ƙwayar cutar tana cikin miyan dabbar da ta kamu. Tana shiga ta wurin cizo, ko yaƙushi, ko lasar wurin da fata ta buɗe. Daga nan sai ta bi jijiya a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Ga mutum tafiyar takan ɗauki wata 2 zuwa 3, amma tana iya zama mako 1, tana iya kai shekara. Cizon fuska, wuya da yatsu ya fi saurin kaiwa. In alamomi suka bayyana, babu magani, sai mutuwa. Kafin su bayyana kuwa allura tana tare cutar a hanya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen 59,000 ke mutuwa da wannan ciwo kowace shekara, kusan duka a Afirka da Asiya. Cikin kowane 10 da suka mutu, kamar 4 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Har kashi 99 cikin 100 kare ne ya sa musu cutar.

Alamomi ga kare:
a) Hali ya sake. Mai faɗa ya yi laushi, mai sanyi ya fara cizo ba dalili.
b) Ya bar gida ya yi ta tafiya, yana cizon itace, ƙasa, dutse, duk abin da ya gamu da shi.
c) Haushinsa ya sake, murya ta dishe.
d) Muƙamuƙi ya saki, miyau yana dalala, ba ya iya haɗiya.
e) Ƙafafun baya su shanye, ya mutu cikin ƴan kwanaki.

A kula: ba kowane mahaukacin kare ke faɗa ba. Wani kwanciya yake yi a lungu shiru, baki buɗe. Shi ne mutane ke tausaya wa su taɓa.

Alamomi ga shanu, jakuna, tumaki da awaki: kuka ba tsayawa da wata irin murya, miyau mai yawa, rashin haɗiya, yunƙuri kamar za a yi kashi, tangaɗi, sannan kwanciya. Jaki kan ciji wurin da aka cije shi, yakan kuma ciji mutum. Don Allah ƴan'uwa, dabbar da ke zubar da miyau ba ta ci, KADA A SA HANNU A BAKINTA. Kada a yanka ta, kada a feɗe ta. A kira ma'aikacin kiwo.

5. A KASHE KARNUKA DUKA?

Shawarar saurayin nan ma an gwada ta a birane da yawa, ba ta yi ba. Ga dalilai:

Karya tana iya haihuwa sau biyu a shekara. In an kashe karnuka amma juji da sharar mahauta suna nan, cikin ɗan lokaci wasu za su maye gurbi. Guba ba ta zaɓe: tana kashe karen da aka yi wa allura, tana kashe ungulu da kyanwa, yaro ma yana iya ɗauka. Wanda aka kashe wa karen gadi kuma gobe zai je wani gari ya samo sabo, watakila mai ɗauke da cuta.

Abin da ya yi aiki shi ne allura. In an yi wa karnuka 7 cikin 10 allura a gari, cutar ba ta samun hanyar wucewa daga wannan zuwa wancan. A Injamena, babban birnin Cadi, an yi wa karnuka allura unguwa unguwa a 2012 da 2013, aka wuce kashi 70 cikin 100. A 2014 aka yi wajen wata 9 ba a ga mahaukacin kare ba. Daga baya cutar ta dawo ta wurin karnukan da aka shigo da su daga waje. Darasi biyu ke nan gare mu: allura tana aiki a ƙasa irin tamu, kuma gari ɗaya ba ya tsira shi kaɗai, sai maƙwabta sun yi tare.

Karen da ya nuna alamar hauka, da wanda ba shi da mai shi kuma yana cizo, wannan hukuma ce za ta kawar da shi ta hanyar da ba guba ba.

6. NAUYIN DA KE KAN MAI KARE

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. In shanunka suka shiga gonar wani suka yi ɓarna, ba a tambayar ko Azawak ne ko Bororo ne ko Jali. Ana tambayar na wa ne, a kira ka ka biya. Haka kare yake.

Dokar farar hula da muka gada daga Faransa ta ɗora wa mai dabba, ko wanda take hannunsa, alhakin ɓarnar da ta yi, ko da kuɓucewa ta yi ko ɓata. Malamanmu na mazhabar Malikiyya kuma sun yi bayani cewa an yarda a ajiye kare don kiwo, farauta da tsaron gona, kuma wanda aka gargaɗe shi a kan karensa mai cizo ya ƙi ɗaukar mataki, ramuwa tana kansa. Al'ada, doka da addini duk sun haɗu wuri ɗaya.

Ga abin da ake so ga kowane mai kare:

1. Allurar rigakafi. Daga wata 3 da haihuwa, sannan kowace shekara. In kamfen ya zo gari a kawo duka, har ƴan kwikwiyo. A ajiye takardar allura wuri mai kyau. A yi ta wurin ma'aikatar kiwo ko likitan dabbobi mai izini. Maganin yana son sanyi, daraja 2 zuwa 8. Wanda ya kwana cikin rana a tebur ɗin kasuwa ruwa ne kawai.

2. Abinci da ruwa. Kare mai yunwa shi ke yawo, shi ke kama kaji da ƴan awaki. In ba ka iya ciyar da uku, ka riƙe ɗaya.

3. Wurin zama. Inuwa, da shinge mai ƙarfi. In ɗauri ya zama dole, igiya ta yi tsawo, kuma a riƙa kwance shi yana motsa jiki. Karen da ke ɗaure dare da rana cikin zafi, ana jifarsa, ko wane iri ne sai ya zama mugu.

4. Sabo da mutane. Watanni 3 na farko su ne lokacin da kwikwiyo ke koyon wane ne abokin zama. A bar shi ya ga yara, baƙi da bisashe cikin natsuwa. Duka da horon yunwa don wai ya yi zafi, su ke haifar da karen da wata rana zai juya kan ɗan gida.

5. Babban kare. Shinge mai tsawo, ƙofa mai kulle, sarƙa da takunkumi in za a fita, kuma babba ne zai riƙe, ba yaro ba. A sanar da maƙwabta da mai gari cewa akwai shi.

6. Rage haihuwa. A fiɗiye namijin da ba a bukatar irinsa. Kada a zubar da ƴan kwikwiyo bayan gari, su ne karnukan juji na baɗi.

7. Lura da gargaɗi. Hausawa sun ce in ka ga kare yana sunsunar takalmi, ɗauka zai yi. Karen da ya fara gurnani ga yara, ko bin masu keke, ko ya taɓa cizo sau ɗaya, ya riga ya faɗa maka. Kada ka jira na biyu.

Yara kuma a koya musu: kada su jefi kare, kada su taɓa shi yana ci ko barci, kada su kusanci karya mai shayarwa. In kare ya taso, su tsaya cik, hannu a jiki, kada su ruga, kada su zura masa ido.

7. IN CIZO YA FARU

Na ɗaya: a wanke wurin nan take da ruwa da sabulu, minti 15 cif. Ruwa ya riƙa gudu a kai. Wannan wanki kaɗai yana rage haɗari ƙwarai.

Na biyu: kada a sa toka, barkono, kashin shanu ko gashin karen. Kada a ɗaure wurin tam.

Na uku: a tafi gidan likita ranar nan, ko da raunin ƙarami ne. Allurar mutum ba guda ɗaya ba ce. Ana yi ranar farko, rana ta 3, rana ta 7, wani tsarin kuma da ƙari daga baya. Likita ne zai faɗi wanda za a bi, da inda za a same ta, ko da sai an je Gaya ko Doso. A cika ta duka.

Na huɗu: in karen yana kamuwa ba tare da haɗari ba, kada a kashe shi. A kulle shi, a ba shi ci da sha, a kira mu. Muna duba shi sau uku cikin kwana 15. Dalili shi ne, karen da cutar ta riga ta sauko cikin miyansa ba ya wuce kwana 10 bai nuna alama ba ko bai mutu ba. In ya cika kwanakin lafiya lau, hankali ya kwanta. Amma wanda aka ciza ba ya jiran wannan, yana fara allura tun ranar farko.

Na biyar: in an riga an kashe shi, kada a fasa kan, kada a jefar, kada a taɓa da hannu tsirara. Ma'aikacin kiwo zai ɗauka cikin sanyi a aika ɗakin bincike na LABOCEL a Yamai. Ƙwaƙwalwar ake dubawa.

Na shida: a bincika wace dabba kuma ya ciza. A ware ta, a sanar da ma'aikatar kiwo.

8. YADDA AKA ƘARE A ƘOFAR MAI GARI

Karen ɗan kasuwa mun kulle shi kwana 15, ya fita lafiya. Mai gari ya ce masa: "Alhaji, kuɗin magani da na mota duk kanka. Kuma ko ka gina masa shinge, ko ya bar garin nan." Ya biya, ya gina. Yarinya ta warke, amma tabon yana nan, har yau ba ta bin wannan layi da tallarta.

Makiyayin nan kuwa, da na duba hannunsa na ga tsagar ƙaya a yatsu biyu. Da ƙyar ya yarda ya tafi likita, sai da Ardo ya sa baki. Ya sayar da rago ya yi allura, yana nan da ransa. Da ba a jefar da karen nan a daji ba, da an gane cutar mako biyar kafin haka, da bai sa hannu a bakin maraƙi ba.

Ku auna da kanku. Karen da kowa ke tsoro ya bar tabo. Karen da ba wanda ya kula da shi ya ci maraƙi da rago, saura kaɗan ya ci mutum.

Garin suka yi yarjejeniya huɗu: a rubuta kowane kare da sunan mai shi wurin mai gari, a sa rana ɗaya a shekara ta allura, duk cizo a sanar kafin rana ta faɗi, mahauta su riƙa binne shararsu. Kowace shekara 28 ga Satumba ita ce ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, ranar da Luwi Fasto ya rasu, wanda ya fara yi wa mutum wannan allura a 1885. Gari yana iya ɗaukar wannan rana, ko wata da ta fi dacewa da dawowar makiyaya. Ba a kiwon kare ranar farauta.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A ƘUNGIYA

1. Karnuka nawa ke garinku? Nawa aka san masu su? Nawa aka yi wa allura bana?
2. In kare ya ciji yaro yau da azahar, wa zai yi mi, kuma ina za a kai shi?
3. In karen makiyayi baƙo ya yi cizo, gaban wa za a kai maganar kafin ya tashi?
4. Wane gari ne maƙwabcinku, a nan ko a ƙetaren iyaka, da ya kamata ku sa ranar allura tare?

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Mai tambaya ya same mu a ma'aikatar kiwo ko ranar kasuwa. Allah ya tsare mu da iyalanmu da dukiyarmu, amin.